Wadda Ta Ɗauki Jan Murfi

Zuwa ga 'yata, Dakta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki da injinan lissafinku, amin.

Yau yabo ne ya sa na ɗauki biro. Wallahi ban taɓa ganin masu tausayin talaka irinku masana tattalin arziki ba. Mu jahilai in mun ji mutum yana tari sai mu ce masa sannu, iyakarmu ke nan. Ku kuwa sai ku kawo masa bututu ya busa, ku rubuta ƙarfin numfashinsa, ku dawo wata mai zuwa ku ga ko ya ragu. Wannan ai ita ce kulawa. Na tsufa ina sayar da tsofaffin kaya a kasuwar nan, na ga masu neman ƙuri'a, na ga masu tallar magani da lasifika, amma ban ga wanda ya zo da farar mota don kawai ya san yadda hayaƙi ke shiga ƙirjin mai dafa abinci ba sai ku. Allah ya ƙara basira.

Kin ce in riƙa kiranki a waya. Na kira. Kullum "Kawu, ina cikin taro." To takarda ba ta shiga taro.

Mutanenki sun zo layin masu abinci, sun tara matan a rumfar shugaban kasuwa. Wata yarinya mai tabarau ta nuna musu sabon murhun, na ƙarfe, da dogon bututu mai fitar da hayaƙi ta saman rufi, ga shi ba ya cin itace. Mata suka yi ta shewa. Sai kuma aka ce ba kowa zai samu ba. Aka kawo bokiti cike da murafun kwalba, rabi shuɗi rabi ja, aka rufe da tsumma. Wadda ta ɗauki shuɗi ta tafi da murhu a ranar. Wadda ta ɗauki ja aka ce ta ci gaba yadda take har shekara biyu, za a riƙa zuwa duba ta. Kowace rumfa kuma aka rataya mata ɗan akwati kamar na ashana, wai yana shaƙar hayaƙi yana rubutawa.

Yaya, mahaifiyarki, ta sa hannu ta ɗauko ja. Ta jujjuya shi kamar wadda aka ba canji bai cika ba, ta ƙulle shi a bakin zani, ta koma kan tukunyarta.

Ga abin da ba ta gaya miki. In kuna waya takan toshe bakin wayar da tafin hannu, ke kina cewa sabis ne. Ni rumfata tana bayan tata, ina jin ta tun safe. Da can tarinta na wanda ya shaƙi barkono ne. Yanzu sai ta dafa ginshiƙi kafin ya sake ta. Rannan na ga ta ninke tsumman da ta goge baki da sauri ta ɓoye, ban tambaya ba.

An ce bayan Farfesanki ke ce babba a aikin nan. Kin san mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. To mai 'ya a gindin murhu fa? Guda ɗaya nake roƙo.

Ki huta lafiya.
Kawunki, mai tsofaffin kaya.

*

Zuwa ga Kawu.

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kasuwa tana albarka. Wasiƙarka ta iso, yabon ma na gane shi.

Kawu, tun da na ga kasuwarmu tana cikin waɗanda aka zaɓa na sanar da Farfesa cewa Inna tana can. Shi ya sa ban zo ranar ɗaukar murfi ba, kuma ba ni da iko da ɗakin da ake ajiye murhunan. Kowanne da lambarsa, ba a sayar da su ko'ina tukuna.

Bari in yi maka bayani, don ba mugunta ba ce. Ma'aikatar lafiya ta ce ba za ta saya wa mata murhun nan ba sai ta ga shaida cewa yana gyara numfashi. Tana da hujja. An sha kawo kaya irin wannan a raba, bayan shekara a tarar an mai da su kujeru. In muka ba waɗanda muka ga dama, gobe za a ce 'yan uwanmu muka zaɓa, a yi watsi da aikin. Shi ya sa aka bar wa bokiti zaɓi, don bokiti ba shi da 'ya. Kai ɗan kasuwa ne, ka san ba a gane yawan hatsi sai da mudun da ba a taɓa ba. Masu jan murfi su ne mudunmu. In aikin ya yi kyau, duk macen da ke dafa abinci a kasuwa za ta samu, ba Inna kaɗai ba.

Maganar tsumman nan ta hana ni sukuni. Don Allah ka kai ta asibitin ƙirji cikin makon nan, na riga na yi magana da wani likita a can. Tun bara nake roƙonta ta bar rumfar ta huta, ta ce in fita harkarta. Kai ƙaninta ne, wataƙila ta ji taka.

Kuma Kawu, na san ka. Kada ka yi dabara.

Ka gaida Inna. Na bar ka lafiya.
'Yarka.

*

Dakta,

Sallama da gaisuwa. Na ji batun mudu. Magana ce mai kyau, sai dai a iya sanina mudu ba ya tari.

Na kai ta asibiti, da ƙyar, kamar mai jan akuya ranar kasuwa. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinta a fitila ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Mama, sigari nawa kike sha a rana?" Ta ce, "Sigari? Ni? Ɗan nan, iyayenka suna raye kuwa?" Na shiga tsakani. Ya ba da magani, ya ce maganin banza ne in ba ta rabu da hayaƙi ba.

A hanya na ce, "Yaya, ki ajiye ludayin nan." Ta ce, "In ajiye in yi me? In zauna ina kallon bango har mutuwa ta same ni a zaune? Masu dakon nan wa zai ciyar da su, kai?" Kin san ta. Tun muna yara in ta ce a'a, ko Baba sai dai ya canza zance.

To kin ce kada in yi dabara. Ban yi dabara ba, ciniki na yi.

Kin tuna Matar Direba, mai rumfar bakin famfo? Shuɗi ta ɗauka. Amma tukunyarta ta fi bakin murhun girma, sai ta kife faranti a kai tana ajiye albasa. Kin ga kujerar da kike tsoro, tun ba a je ko'ina ba. Na ce mata, "Ke da zafi ke damunki, me za ki yi da ƙarin wuta?" Na ba ta fanka mai tsayawa, wadda ba ta juyawa sai gefe ɗaya amma iskarta ta Allah ce. Ta ba ni murhu. Na kafa shi a bayan rumfar Yaya, na kare da fallen kwano. Na ce mata ke kika aiko, don na san in ba haka ba ba za ta karɓa ba.

Kuma kada ki ce ban kula da aikinki ba. Akwatunan nan masu shaƙar hayaƙi na musanya su. Na Yaya yana rumfar Matar Direba yana shan hayaƙinsa yadda ya saba, na Matar Direba yana wurin Yaya yana hutawa. Ja yana ganin hayaƙi, shuɗi yana ganin iska, kowa ya samu abin da littafinku ke so. Wa aka cuta?

Tarin bai tafi ba, amma ya sassauta. Jiya wani mai dako ya zame a bakin rumfarta da buhu a ka, ta yi dariya har da riƙe ciki, dariyar ta ƙare ba ta zama tari ba. Na manta rabon da in ji haka.

Wassalam.
Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaishe ka. Na karanta wasiƙarka raina ya ɓaci, na sake karantawa na tsaya a wurin dariyar, ban iya wucewa ba.

Ka tambaya wa aka cuta. Akwatin Inna yana cewa tana cikin hayaƙi, ƙirjinta yana samun sauƙi. Akwatin Matar Direba yana cewa babu hayaƙi, ƙirjinta yana nan yadda yake. Duk wanda ya duba zai ce murhun ba ya amfanin komai. Matan da ba ka sani ba, a kasuwannin da ba ka taɓa zuwa ba, su aka cuta. Ka mayar da akwatunan inda suke, yau.

Amma murhun ka bar mata.

Ba zan ɓoye wa Farfesa ba. Ya yi tafiya, in ya dawo zan gaya masa komai. Ban san abin da zai yi ba. Yana iya cire kasuwarmu gaba ɗaya, yana iya cire ni, tunda uwata ce kuma kawuna ne. Na yi shekaru ina koyar da ɗalibai cewa mai bincike ba ya sa zuciyarsa a kan ma'auni. Ashe ban taɓa jin nauyin maganar ba.

Kada ka gaya wa Inna komai daga wannan.

Allah ya bar mana ku.
'Yarka.

*

Tsinke,

Yau da sunan yarintarki zan kira ki, don Dakta ba za ta ji daɗin wasiƙar nan ba. Ina gaisuwa.

An ce baki shi ke yanka wuya. Akwatuna na mayar. Amma daɗin maganarki ya cika ni, na kasa riƙewa. Na je rumfarta da rana tana zuba wa masu dako abinci, na ce, "Yaya, kin haifi 'ya! Ta ce ko aikinta zai tafi, murhu ya zauna."

Ta ajiye ludayi. Ta ce, "Wane aiki ne zai tafi? Ba ka ce ita ta aiko ba?"

Na fara kame-kame. Ta ce, "Kai dai tun kana yawo ba wando ƙaryarka ba ta kwana. Faɗi." Na faɗa, har da fanka.

Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta sallami masu cin abinci, ta jira murhun ya huce, ta yi gammo ta ɗora shi a ka. Na ce ta bari in ɗauka, ta ce ai ni na kawo, ita za ta mayar. Duk layin suna kallo. A hanya ta tsaya ta dafa bangon shagon tela sai da tarin ya sake ta, murhun yana kanta bai motsa ba. Ta dire shi gaban Matar Direba. Ita kuma abin da ya dame ta, "To fankar fa?" Yaya ta ce, "Riƙe abinki, kuɗin wauta ne."

Yanzu ga ta zaune a kan bencina, ta ce in rubuta yadda ta faɗa, kada in sa gishiri:

"Tsinke, ina gaishe ki. Lafiyata ƙalau, kada ki ji ta kawunki, tari ne, kowa ma yana yi. Ni da hannuna na ɗauki jan murfi, ba wanda ya tura ni. Yarinyar nan mai tabarau ta ce masu ja ma aiki suke yi. To ina nawa, ki yi naki. Hayaƙin nan na shaƙa kika yi firamare, shi na shaƙa kika hau jirgi, ba yau zan ce ban san shi ba. Ranar da za a raba wa kowa zan bi layi in karɓi nawa, in ce musu 'yata ce ta jawo. Ki riƙa cin abinci, a hoton nan kin rame. Allah ya yi miki albarka."

Iyakar maganarta ke nan. Ban ƙara ba, ban rage ba, karo na farko a rayuwata.

Kawunki.

*

Inna,

Ina gaishe ki, ina neman albarkarki. Kawu, ka karanta mata duka, kada ka tsallake.

Na gaya wa Farfesa. Bai yi faɗa ba, kuma aikina yana nan, na rantse miki. Ya ce makonnin da kika yi da murhun ba su ɓata komai ba tunda an mayar. Ya kuma ce in likita ya ce kina buƙata, zai sa a ba ki naki na kanki, ba na Matar Direba ba. Abin da za a yi kawai a cire rumfarki daga lissafi, shi ke nan. Mace ɗaya ba za ta rushe aikin ba.

Inna, babu sauran dalili. Don Allah ki karɓa. Ina zuwa ƙarshen wata.

'Yarki, Tsinke.

*

Dakta,

Gaisuwa. Ina fatan kin koma lafiya.

Kin zo, kin durƙusa, kin yi kuka a gaban masu dako, kin ji amsarta da kunnenki. Bayan tafiyarki na sake gwadawa, amsar ba ta canza ba: "A cire ni? Duk matan layin nan suna cikin littafin 'yata, ni da na haife ta in tsaya a waje?" Ke ma da laifinki. Wa ya aike ki faɗin a cire? Ɗan kasuwa ba ya nuna wa mai saye inda yadi ya yage. Amma ku an koya muku faɗin komai.

Ranar busa bututu yanzu ita ce babbar ranarta. Sai ta sa zaninta mai kyau, ta riga kowa zuwa. Wannan karon ta busa har idanunta suka yi ja, ta dubi mai tabarau ta ce, "Na ci?" Yarinyar ta ce, "Kin ci, Mama," ta juya baya tana gyara tabaran da bai karkace ba.

Na huda mata rufin kwano don hayaƙi ya samu hanya. Ta tsaya a kaina sai da na rantse ba a hana masu ja huda rufi ba. In an hana, kada ki gaya mini.

Ta fara zama tana juya tukunya. Yaya ba ta taɓa dafa abinci a zaune ba.

Sai na ji daga gare ki.
Kawunki.

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ya ƙarin haƙuri. Tun da na dawo daga zaman makoki nake ɗaukar biro ina ajiyewa, har watanni suka wuce. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

Aikin ya ƙare. Bambancin ya fito fili, masu shuɗi numfashinsu ya fi na masu ja nesa ba kusa ba. Ma'aikata ta sa hannu. Za a ba duk macen da ke dafa abinci a kasuwa, kuma an faɗaɗa bakin murhun saboda manyan tukwane.

Ranar da zan taho ka raka ni bakin mota ka tambaye ni ko tana cikin littafin. Mota ta tashi. Ga amsar. Lissafin yana kwatanta busawar farko da ta ƙarshe. Wadda ba ta kai ta ƙarshe ba, babu abin da za a kwatanta. Na yi gardama a taro har muryata ta dishe, amma ƙa'idar ni ma da hannuna a ciki tun farko. A ƙasan wani shafi akwai layi ɗaya da ƙananan baƙaƙe, cewa mata huɗu ba a same su ba a zagayen ƙarshe. Tana cikinsu. Ni na rubuta layin.

Na ce wa Farfesa bincikena na gaba a kan irin waɗannan ne, waɗanda ba sa kai zagayen ƙarshe. Ya ce tambaya ce mai kyau, sai dai har yanzu ba a samu mai ɗaukar nauyinta ba.

Ka yafe mini.
'Yarka.

*

Tsinke,

Wa alaikumus salam. Haƙuri sai ma'abocinsa. Babu abin yafewa tsakaninmu, ke da gaskiyarki, ni da bakina, ita da taurin kanta, kowa ya sa hannu a bokitin.

An kawo murhunan. Sunan rumfarta yana cikin waɗanda aka kira, ashe ba a gyara ba. Tunda ta ce za ta bi layi, sai na bi mata, ni kaɗai namiji cikin mata. Da na isa gaba na ce 'yarta ce ta jawo. Mai rabon bai gane ba, ya ce in matsa.

Layin masu abinci ya yi fes. Daga rumfata ba na jin tarin kowa, har shirun yana damuna. Kin yi aiki, wannan ba irin yabon farko ba ne.

Jan murfin yana cikin ambulan ɗin nan. A bakin zaninta aka same shi, a ƙulle.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki, mai tsofaffin kaya.

Na manta. Murhun yana rumfata, shi kaɗai ne sabo cikin kayana, kullum sai wani ya tsaya ya taya. Ke ce kika karanci darajar kaya. Nawa zan ce musu?